Sun Ce Sai 'Yata Ta Tsallake Yaron

Salama gare ku 'yan wannan zaure. Admin a sakaya sunana, sunayen da zan kira ma ba na gaskiya ba ne. Don girman Allah ku ba ni shawara kafin ranar Lahadi, wanda kuma ya san zagi ne kawai a bakinsa ya yi gaba, don raina a ɓace yake tun kafin in ɗauki wayar nan.

Ni tela ce, shagona na Barnawa, muna haya a Romi nan Kaduna, irin gidan nan mai ɗakuna a jere da rijiya ɗaya a tsakar gida. 'Yata ta fari, bari in kira ta Murna, shekararta sha uku. Babanta ba ya shan giya, ba ya bin mata, wannan na yaba masa, amma yana da cuta guda, fina-finan ban tsoro. Irin waɗanda za ka ga mace gashi ya rufe mata fuska tana tafiya da baya, ko ƙaramar yarinya tana magana da muryar ƙato. Tun Murna na firamare ya fara zaunar da ita gefensa suna kallo duk Asabar in na tafi shago. Na yi magana har bakina ya gaji. Sai ya ce ƙauyanci ke damuna, wai yaron da ya saba ganin abin tsoro a talabijin ba ya firgita a waje, wai Kaduna ba garin matsorata ba ne. Na ce masa ni ɗiya na haifa, ba soja ba, ya yi dariya ya ƙara muryar talabijin.

Tsoron kam ba ta ji ba, kwaikwayo ta koya. Ta iya lanƙwasa wuya, ta juya ido sai fari, ta sauke murya kamar ba daga jikinta take fita ba. Uban maimakon ya tsawatar, in abokansa suka zo shi ke kiranta ta yi musu, suna tafi suna cewa yarinyar nan 'yar fim ce. Ni kuma ana kallona kamar mai baƙin cikin ganin mutane na nishaɗi.

Akwai maƙwabciyarmu, Maman Yohanna, ɗanta bai wuce shekara biyar ba amma fitinarsa ta ishi gidan. Asabar ɗin da ta wuce na tsefe wa Murna kai, na ce ta yi wanki kafin in dawo in yi mata kitso. Yaron nan ya dinga watsa mata ƙasa a bokitin ɗauraya, ta kai ƙara uwarsa ta ce ai yaro ne. Sai Murna ta shiga ɗaki ta shafe fuska da hoda, ta zubo gashi gaba, ta fito da baya-baya da tsakar rana, ta kira sunansa da wannan murya ta ce za ta ɗauke shi. Yaro ya ƙwalla ƙara ya saki fitsari a tsaye. Matan gidan duk suna waje sun gani, mijina kuma yana bakin ƙofa yana riƙe ciki don dariya. Da na dawo na ji, na zane ta, na ja ta har ɗakin matar ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ta ce ya wuce, amma ko kallonmu ba ta yi ba.

Kwana kaɗan zazzaɓi ya kama Yohanna har da jijjiga, yana sambatu yana cewa Murna ki bari, Murna ki bari. Ni na tare musu keke Napep, da ni aka je asibiti, a kunnena nas ta ce maleriya ce ta yi ƙarfi, aka fara masa allura. Duk wannan bai hana ba. Surukar Maman Yohanna ta iso daga ƙauye, tana jin sunan da yaron ke kira ta zauna a tsakar gida ta ce allura ba ta kai wa ga kurwa, yarinyar nan mayya ce ta kama musu yaro, kuma ba za ta sake shi ba sai an shimfiɗa shi a ƙasa ta tsallake shi a gaban jama'a. Matan da muke zumunta ɗaya a coci, waɗanda na ɗinka wa anko da hannuna, ba wadda ta buɗe baki ta ce ƙarya ne. Yanzu in Murna ta taɓa guga ba mai ƙara jan ruwa da shi sai an wanke, in ta fito sai ka ji ana kiran yara ɗaki, ana rufe tukwane kamar akuya ta shigo.

Na yi wa Maman Yohanna tas, ban ɓoye muku ba, na ce da ta kama ɗanta tun farko da ba a kai nan ba, kuma gidan sauron da na ga tana shanyar kuɓewa a kai da ta ɗaura masa shi da ya fi mata neman mayya. Daga nan na juya kan mai gayya, wato mijina, na ce tunda shi ya ɗora, ya fita ya sauke. Ya ɗauki waya ya je ya nuna wa Baba mai gidan da muke haya da tsohuwar ainihin fim ɗin, ga matar, ga gashin, ga tafiyar, don su gane kwaikwayo ne. Tsohuwa ta kalla ta kau da kai ta ce to ai ga inda aka ba ta abin nan, kuma uban ne ya kai ta da hannunsa. Wato wuta ya je kashewa ya ƙara mata kalanzir.

Baba mai gidan ya ce shi ba ya son tashin hankali a gidansa, ranar Lahadi bayan an taso coci ko Murna ta tsallake yaron ko mu nemi wani wuri. Fastonmu ya ce kar mu yarda, wannan ba hanyar masu bi ba ce, na gode masa, amma shi ba a gidan yake kwana ba. Shi kuwa jarumin da ya ce Kaduna ba ta matsorata ba ce, yanzu cewa yake a bar ta ta yi, wai taki ɗaya ne, ta ɗauka fim take yi. Wallahi da ya faɗi haka sai da na fita waje, don in na tsaya ban san abin da hannuna zai yi ba. Ya goge fina-finan daga wayarsa yana nuna mini, kamar hakan zai goge abin da ke bakin mutane.

Ku duba mini inda aka saka ni. Yaron yana karɓar allura, jikinsa ya fara sauƙi. In ta tsallake shi ya miƙe, ba wanda zai ce allura ce, za a ce mayya ta saki, sunan ya zauna mata ke nan a makaranta, a coci, har ranar da wani zai zo neman aurenta a raɗa masa. In na hana kuma, Allah ya kiyaye, ciwon ya juya, ban san abin da za su yi mata ina shago ba. In mun kwashe kaya za a ce mun gudu don mun san gaskiya, kuma Romi ba wani nisa ke tsakanin layi da layi ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne na jiya. Ina yi mata kitson da tun ranar ban samu na yi ba, yarinyar da ba fim ɗin da ya taɓa sa ta rufe ido, sai na ji ta ƙanƙame gwiwata. Ba ta juyo ba ta ce, Mama, in mutum maye ne shi da kansa yana sani, ko sai an gaya masa?

Na ce mata ita ba komai ba ce sai 'yata, amma na san ba ta yarda ba. To ku gaya mini, in bar ta ta tsallake, in tsaya a kan a'a, ko in ɗauke ta in bar wa uban gidan da talabijin ɗinsa? Masu zaunar da yara gaban irin wannan kallo suna cewa ai wasa ne, ku na fi son ji, ku faɗa mini amsar da zan ba ta.