Kada Ki Saka Alewar Nan a Jakarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata, autar gidanmu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto miki ne daga unguwar Zahir, nan Makka, daga ɗakin da muke kwana tare kafin ki tafi karatu Kanada. Ba zan ambaci sunanki ba, nawa ma ba ya kan shafin nan. Amma wata huɗu ke nan da kika toshe lambata, na kuma san kina leƙowa nan, to ba ni da wata ƙofa sai wannan. Masu karatu su yi haƙuri, maganar gida ce.

Jiya Umma ta gaya mini kin yanki tikiti, za ki sauka Jidda nan da kwana tara, don ki kasance kusa ranar da za a yi mata aikin ido. Tana faɗa tana murna. Ni kuwa tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na sake wanke kwanukan da na riga na wanke. Yau a makaranta darasin jiya na rubuta a allo, sai da ɗalibaina suka fara dariya na ankara.

Zan faɗi abin da nake roƙo tun yanzu, kafin ki rufe shafin. Alewar nan da kike ci don ki samu barci, kada ki taho da ita. Ko guda ɗaya. A can kanti kike shiga ki saya, ba mai kallonki. A nan sunanta wiwi, ko an yi mata kala an barbaɗa sukari, kuma kin san ɗauri ne. Ki zazzage kowace jaka, ki laluba aljihun rigunan sanyinki. Ke mai mantuwa ce, kin taɓa tafiya da makullin gidanmu har Madina.

Na san abin da ya sa ba kya son jin muryata. Ranar da kika kira ni ta bidiyo fuskarki a sake take. Kika ɗaga wata 'yar leda kusa da wayar, kika ce rabin guda kike ci bayan isha'i, kuma rabonki da irin wannan barci tun kafin rasuwar Baba. Kika ce ƙirjinki ya daina bugawa kamar wadda ake bi. Ni ce ta farko da kika gaya wa. Ban tambaye ki yaya jiki ba. Cewa na yi, 'yar Makka da wiwi? Na kashe wayar, washegari na kai ƙararki wurin Babban Yaya. Ban ji abin da ya faɗa miki ba, amma na san bakinsa.

Alhali na fi kowa sanin ba a Kanada ciwon ya fara ba.

Kina 'yar shekara tara, muna zaune a unguwar Tandabawi, muka bi Umma Harami a goman ƙarshe na azumi. Cunkoso ya matse mu a bakin ƙofa. Kika damƙe abayata har ta yage, leɓɓanki suka yi fari, kina ta cewa iska ta ƙare. Umma ta shafa miki zamzam, wata tsohuwa ta ce kambun baka ne. Muka dawo gida, ba wanda ya sake ta da maganar.

Duk safiyar jarrabawa sai kin yi amai. Mu ce shagwaɓa ce ta auta. Baba kaɗai ke lura. Yakan ja ki zuwa wurin tsirensa, ya ba ki tsinke ki riƙa jera nama, ya ce, hannu in yana aiki zuciya takan huta.

Bayan ya rasu, ina jin takunki tsakanin ɗaki da kicin har kiran sallar farko. Wallahi ina ji. Sai in ja bargo in rufe kaina kamar mai barci, don ban san abin da zan ce miki ba. In kin yi ƙorafi mu ce ki yawaita azkar. Kina yi kuwa, kin ma fi mu yi. Da zan samu darare irin waɗancan yanzu, da na tashi na zauna tare da ke, ko ba mu ce komai ba.

Kada in yi miki ƙarya, ban sauya ra'ayi kan alewar ba. Abin da ke taɓa hankali mun san hukuncinsa tun muna yara, kuma ina tsoronta. Ƙawarki da kuke gida ɗaya ta gaya mini rabin ya zama guda. Ta ce akwai ranar da kika ga ta farko ta yi jinkirin kama ki kika ƙara wata, ta same ki zaune a ƙasan banɗaki kina rawar jiki. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Sai dai ni ba malama mai fatawa ba ce, yayarki ce. Kin zo mini da ciwo, na tare ki da shari'a.

Watan jiya na je wurin wata likitar ƙwaƙwalwa a unguwar Shisha. Taksi na hau, na sauka nesa da ƙofar don kada wani ya gan ni, kin ji irin halinmu. Na ce mata maganar wata ƙawata ce. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce fargaba ciwo ce da ake jinya kamar kowane ciwo, kuma wanda ya saba da abin nan in ya bari, barci kan ƙi shi na wasu kwanaki, don haka ki ga likitarki a can kafin ki taso. Daga nan ta ajiye biro ta tambaye ni yadda nawa barcin yake. Habibti, 'yar uwata abin ƙaunata, ban san lokacin da na fara kuka ba. Sau biyu na koma tun daga ranar, don kaina.

Na nemar miki ganinta ranar Lahadin da za ta biyo bayan saukarki. In ba kya so, sai in soke, ba zan ce uffan ba. Na kuma gaya wa Babban Yaya ba shi zai ɗauko ki ba, ni zan je. Ya yi ta faɗa, na bar shi ya gama. Umma ba ta san komai ba, a zatonta karatu ne ya sa kika yi shiru da ni. Har ta sa na sayo sabon zanin gado.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. In kin ga ba za ki iya tahowa babu alewar ba, ki fasa tafiyar. Ni zan san abin da zan gaya wa Umma. Gara in yi kewarki kina can da in riƙa neman izinin ganinki kina nan a tsare. Amma Allah ya sani so nake ki zo.

Ba sai kin buɗe lambata ba. Ki turo wa wayar Umma kalma biyu kawai, "na duba". Ni nake karanta mata saƙonni yanzu.

Allah ya sanyaya miki ƙirji, ya ba ki barcin da ba sai kin saya ba. Allah ya buɗe wa Umma idanunta ta gan ki tsaye a kanta. Ya jiƙan Baba, ya yafe mini abin da na yi miki.

Wassalam,
Yayarki, wadda ke jira.