Na Yi Sauka, Hindou Ba Ta Ji Ni Ba

Greensboro, Maris 2006

Ya Fassouma, sanyin idona, inuwar gawo a tsakar rani, ruwan randa bayan doguwar tafiya! Gaisuwa daga wanda begenki ya hana shi sakat.

Kin tuna ranar da muka sake haɗuwa a Maraɗi, a bikin ƙanwarki, ke daga Odense ta ƙasar Danmak, ni daga nan, bayan shekara goma sha biyar? Kika miƙo mini ƙwaryar fura kina yi mini tsiyar furfura, ni kuwa na kasa sha don kallonki. Ranar na nemi aurenki. Kika yarda, amma da sharaɗi guda: 'yarki Hindou, marainiyar da aka haifa a can, ba ta jin komai sai yaren Danmak, kuma ba za ki kawo mata uban da ba za su iya hira ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo!

Na sayi kaset talatin na koyon yaren. Ni da na haddace izu sittin tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, me zai gagare ni? Na bi su yadda na saba: a biya, a maimaita, a yi tilawa. Ina wankin motoci a High Point Road, soso a hannu, baki na motsi, har Kader abokin aikina ya ce aljanun Turawa sun shige ni. Yaren nan kuwa kamar mutum ya cika baki da tuwo mai zafi, rabin kalma a maƙogwaro take mutuwa. Wata goma sha huɗu ina fama, ban taɓa magana da ɗan ƙasar ko ɗaya ba. A ina zan same shi a garin nan? Da na kai kaset na ƙarshe, mutanenmu suka ce sai an yi walimar sauka. Hajiya Kouloussoum ta yi dambu, aka taru, na miƙe na zuba musu darasi na ashirin ba gargada, aka yi ta sa mini albarka. Cikinsu babu mai jin ko kalma ɗaya.

Sai ranar Lahadin da kika ba Hindou waya. Na gaishe ta yadda kaset ya koya mini. Ta amsa da abin da babu shi a kaset. Ban gane ba, sai bakina ya wuce zuwa layi na gaba, na tambayi yarinya ƙarfe nawa jirgin ƙasa zai tashi. Sannan na ji ta faɗa miki wata magana a hankali. Na tambaye ki, kika ce shirmen yara ne.

Kin manta ni mahaddaci ne, tauraruwata. Kunnena ya ɗauke maganar, na riƙe ta sati uku ban san me na riƙe ba. Shekaranjiya wata tsohuwa daga Summerfield, nan kusa da mu, ta kawo mota wanki, na ga tutar Danmak manne a gilashin motarta. Na biya mata darussana, ta yi ta murmushi tana girgiza kai. Sai na biya mata maganar Hindou. Nan take fuskarta ta canja, ta fassara mini da Turanci: "Mama, ba ya ji na. Don Allah kar ki sa in ce masa baba."

Wayyo Fassouma! Duk wahalar nan, magana ɗaya tak aka taɓa ganewa daga bakina, ita ce kuma wadda ta kore ni.

Ba na roƙon ki karya sharaɗinki, yarinyar ta fi ni gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa shekarata arba'in da bakwai. Ina tsoron harshena ya riga ya bushe. Na mayar da kaset na farko cikin rakoda, amma ban yarda zai kai ni ƙofarki ba. Alfarma ɗaya nake nema: ran Lahadi ki sake ba ta wayar. Ba zan biya darasi ko ɗaya ba, zan yi shiru in saurara. Ko kora ta za ta sake yi, ina so wannan karon in gane da kaina.

Naki, ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Zabeirou