Kwalabe Uku a Gwangwanin Zaren Inna

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Maigidana na nan yana lallaɓa gwiwarsa, yara suna makaranta, jaririn Auta har ya fara rarrafe.

Amma Inna ba ta da lafiya, kuma ban ɗauki biro don in yi maka daɗin baki ba. Tun watan jiya ƙishirwa ta addabe ta, ta sha ruwa kamar raƙumi, ta yi ta zaryar banɗaki, ga tashin zuciya, ga ciki ya ɗaure. Ranar Talata ta dube ni ido cikin ido ta kira ni da sunan marigayiya Goggo. Na zaci ciwon suga ne, aka auna, babu. Likita ta ɗebi jini, ta ce sinadarin kalsiyam ya yi mata yawa har ƙodarta ta fara jin jiki, ta tambaye ni me take sha. Na ce ban san komai ba, ta yi mini kallon da har yanzu yake ci mini rai.

Ruwa ba ya tsami banza. Na koma ɗakin Inna na birkice shi. A gwangwanin da take ajiye zare da allura na tarar da kwalabe uku: fara daga Auta, shuɗiya daga Ƙarami, ja kuma taka. Na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa. Bitamin D ne da kalsiyam dukansu, riga ce kawai ta bambanta, taka kuma ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Da na matsa mata, Inna ta ce kowace safiya takan haɗiyi ƙwaya ɗaya daga kowace kwalba, don kada wani ɗa ya ji an fifita ɗan'uwansa. Taka kuwa biyu take sha, wai kai ne babba, kuma kana nesa.

Yaya, ba kowane bitamin ne jiki ke zubar da rararsa a fitsari ba. Wannan kwanciya yake yi a jiki yana taruwa. Zuma ma da daɗinta, ba a shan ta da bokiti.

Auta ta yi kuka ta ɗauke tata, Ƙarami ya ba da haƙuri. Kai ne ban gane maka ba. Me ya sa kwalbarka ba ta da ranar lalacewa, ba adireshin kamfani, sai lambar waya da aka manna a murfi? Me ya sa lambar nan take shiga wayar matarka? Kuma me ya sa ka sa Ƙarami ya ɗauki hoton Inna tana murmushi riƙe da kwalbar, ka ce a ɓoye sandarta bayan kujera? Biri ya yi kama da mutum. In sana'a kuka buɗe, Allah ya ba da sa'a, amma uwarmu ba allon talla ba ce.

Da na gaya wa likita, ta ce a daina nan take, in ba haka ba ƙodar ce za ta tafi. Na ƙwace kwalbarka, ashe Inna ta riga ni, ta juye rabi ta ƙulle a bakin mayafi. Ta ce ba za ta zubar da kyautar ɗanta don surutuna ba. Bakinka kaɗai za ta ji. Ka kira ta ranar da ka karanta wannan, ka ce da ita ta kwance ƙullin nan ta miƙo mini. Ka faɗa a fili, ban da kwana-kwana, ina zaune kusa da ita.

Auta da Ƙarami suna gaishe ka, maigidana ma haka. Ka shafa mini kan yara. Matarka ma ka gaishe ta, ka ce ina da lambarta.

Ƙanwarka,
wadda kake kira Uwar Tsiwa