Rabin Maganar Likita Na Faɗa Wa Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na saka kaina inda na kasa fita.

Ni mace ce, a Limanti muke nan Maiduguri. Mahaifina ya haura saba'in, Kanuri yake ji sosai, Hausarsa ta kasuwa ce kawai, shi ya sa duk zuwa asibiti ni ce tafintarsa. Kwanakin baya ciwon ƙirji ya kayar da shi a ƙofar masallaci, aka tura mu Abuja. Likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe, kuma aiki biyu za a haɗa masa. Jijiyoyi biyu za a bi ta hannu da siririn bututu a buɗe su, a sa ɗan ƙarfen da zai riƙe su, amma ta ukun, babbar da ke gaba, sai tiyata, a yanka ta tsakanin haƙarƙari a yi wa jini sabuwar hanya, bayan ya huta wasu makonni.

To Baba ya taɓa rantsewa ba mai sa masa wuƙa, tun da ƙaninsa ya shiga tiyata bai fito ba. Yayansa, Baba Kura, ya ja ni gefe ya ce in na ambaci yanka duka biyun zai ƙi, kuma a gidanmu ba a faɗa wa dattijo abin da zai karya masa gwiwa. Wallahi likita na bayani ina fassara rabi ina haɗiye rabi, Baba na gyaɗa kai.

An yi aikin farko, na hannun, lafiya, muka dawo gida. Yanzu yana taka ƙafa har masallaci, ya yanka rago ya yi sadaka, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa ɗan tabon hannunsa ya ce an gama. Har maganin da aka ba shi ya fara tsallakewa, wai mai lafiya me zai yi da ƙwaya.

Asibiti sun kira sau biyu, lokaci ya yi. Likita ya ce babbar jijiyar tana nan a toshe, kuma ba za a yi tiyatar ba sai Baba ya amince da bakinsa. Na je wa Baba Kura da maganar, ya ce a bar wa Allah, ba ga shi yana tafiya ba. Raina ya ɓaci na ɗaga masa murya, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. Shi ya ba da umarni, ni aka bari da ƙaryar.

Jiya ina miƙa wa Baba shayi na ce ko mu koma a sake duba shi. Ya yi dariya ya ce, "Ke ce kunnena a asibiti. Da akwai saura ai da kin faɗa min."

In na faɗa, ina tsoron ya ƙi tiyatar, ya watsar da maganin, ya daina yarda da ni. In na yi shiru, kullum ya fita masallaci gabana faɗuwa yake. Da wane baki zan ce masa akwai saura?