Ƙullin da Na Hana a Yi Maka

Zuwa ga yayana Shaibu,

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahama a inda Allah ya ajiye ka. Filinge lafiya lau. Gero ya yi bana, ba laifi. Ni ne dai ƙafa ta fara ƙi, ido ma yana shirin bin ta.

Ɗiyarka Rabi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba ka san ta ba, ita ma ba ta san ka ba, amma goshinka ne a fuskarta, taurin kanka ma ba ta bar ko kaɗan ba. Unguwarzoma ce a Yamai, har ta yi jika. Ta ce na gaji, in zo ta kai ni hutu tsibiran kogin Kwara in sha iska, in ga dorina. Wai yanzu akwai jirage masu inji, da rumfa da kujeru. Zaɓi biyu ta ba ni: ko mu yanki tikitin zuwa kawai mu komo a mota, ko na zuwa da dawowa duk a jirgi. Yau kwana tara ban ba ta amsa ba. Tana tsammanin tsoron ruwa ne irin namu na Kurfayawa, har dariya take yi mini. Ba ta san an taɓa yi mini wannan tambaya ba.

Ka tuna shekarar da aka samu mulkin kai, da aka zo neman yara lakwal, makarantar boko? Baba ya dube mu, ya ce kai ka tsaya ga shanu, ni a tafi da ni, don ni ba na tsinana komai a gona. Kai ka sayar da zabinka ka ɗinka mini wando. Tun ban iya rubuta sunana ba kake kira na Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Da na gama karatu a Tawa na zama malamin makaranta na gaske, sai tsokanar ta koma girmamawa, kuma wannan girmamawa ita ta cuce ka.

Sai shekarar babban fari. Mun yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa. Shanun gidanmu suka yi ta faɗuwa har saura bakwai, da rago ɗaya da kake ba shi dusar da kai ma za ka iya ci, domin matarka Hajo tana da ciki kuma shi ne ragon suna. Ka ji labari wajen Fulani cewa a tsakiyar kogi akwai tsibirai, gungu suke ce musu, da wata ciyawar ruwa mai suna burgu da ba ta san fari ba. Ina cikin babban hutu, na ce zan raka ka. Kwana goma sha shida muka yi a ƙasa, muna tayar da saniya da wutsiya in ta kwanta.

Ranar da muka ga kogin, ka tsaya ka cire hula. Ni kuwa na yi kamar na saba, alhali ban taɓa ganinsa ba sai wanda nake zana wa yara a allo da shuɗin alli.

Mai fiton tsoho ne, Hausarsa guntu-guntu, da wata igiya rataye a wuyansa duk ƙulle-ƙulle. Ya bayyana mana al'adarsu. In ka biya fiton zuwa kawai, ya ƙetare da kai da dabbobinka, shi ke nan kun rabu. In ka biya har da dawowa, sai ya yi maka ƙulli a igiyar. Kowane ƙulli mutum ne da ke wuyansa. Ran da ruwa ya kai wata alama a jikin itace, zai zo da jirage da mutane ya kwashe masu ƙulli da dabbobinsu, ko sun kira shi ko ba su kira ba. Na zuwa ya ce a ba shi bargonka. Na dawowa ya nuna ragon.

Ka ja ni gefe ka ce, "Mushe, mi kag gani?"

Yaya, abin da na gani shi ne laka a gaɓa. Ruwa ya janye wajen taku ɗaya, ga shaidarsa ɗanya. Na ce maka damina ta wuce, kuma damina ce ke cika gulbi, kowane yaro a ajina ya san haka. Na ce nan da wata uku za ka tako da ƙafa, ruwa bai kai gwiwa ba. Na ce tsohon ya ga baƙi ne, ya ga rago mai ƙiba. Har Faransanci na sa a ciki don maganar ta yi nauyi.

Tsohon ya ji mu. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan jan ruwa. Baƙin ruwa bai zo ba." Na yi murmushi irin na wanda ya yi karatu. A Kurfai ruwa iri ɗaya muka sani, wanda ke saukowa daga sama. Wa ya taɓa gaya mana akwai ruwan da ke tasowa daga ƙasashe masu nisa, ya yi wata da watanni a hanya, ya iso cikin tsakiyar ɗari, sama ba ko gajimare?

Ka dube shi, ka dube ni, ka ce, "Kai kay yi karatu. Abin da kac ce shi za a yi." Sannan ka miƙa mini igiyar ragon, ka ce in koma da shi gida kada idon tsohon ya ramar da shi. Ka shiga jirgi ka zauna daram a tsakiya, hannu biyu riƙe da katako, shanu suna iyo a gefe an ɗaure su. Ba ka waiwayo ba, kuma na san tsoro ne ya hana ka.

Hajo ta haifi Rabi cikin ɗari. Muka jira ka har ranar suna, ba ka zo ba. Ni na riƙe ƙafafun ragon aka yanka. A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa don neman tsaba, gidanmu aka ci nama, unguwa duka ta zo, ana ta sa maka albarka. Ni ma na ci, har na ƙara. Dawowarka muka ci ran nan, Yaya, ban sani ba.

Da hutu ya zo na koma bakin kogi. Na sami tsohon, igiyarsa ba ƙulli ko ɗaya, duk ya kwance. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce baƙin ruwa ya zo kamar kullum, gungun ya yi ta raguwa har ya koma kamar masussuka. Ya kwashe masu ƙulli. A zuwansa na ƙarshe ya ce ka shigo kai kaɗai, kyauta, amma shanu sai an tara mutane, ka jira kwana uku. Ka ce ba ka barin shanun Baba. Kwana ukun ma ba ka jira ba, don ruwa ya kai inda kake kwana. Masunta sun hango ka daga nesa ka kora su cikin ruwa, ka kama wutsiyar jar saniyar nan kamar yadda ka ga Fulani suna yi. Kai da ko tabkin garinmu ba ka taɓa shiga ba. Shanu biyu suka fito.

Ba a ga gawarka ba. Inna ta rasu tana cewa kana Kumasi. Ni na dawo na ce wa kowa ruwa ne ya ci ka, kuma ban yi ƙarya ba, sai dai na tsallake maganar rago. Na riƙe Rabi, na sa ta lakwal, na aurar da ita. Mutane suna cewa ba a taɓa ganin ƙanen uba irina ba. Duk ran da aka faɗi haka sai abinci ya ƙi shiga. Shekara talatin na ƙara ina koyarwa, ban sake zana kogin nan a allo ba, sai in ce yara su duba littafi.

Na san abin da malamai za su ce, kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma kwanan ya ƙare ne ta bakina, kuma ban sami wanda ya raba ni da wannan ba. Na yi azumi, na yi sadaka da raguna ban san adadinsu ba. Ba abin da ya ragu. Ina kewarka, Yaya. Na tsufa, na wuce shekarun Baba, har yanzu in an ce Mushe a kasuwa sai in juya da sauri.

Gobe zan ba Rabi amsa. Zan ce ta yanki nata na zuwa da dawowa, nawa na zuwa kawai. Za ta yi mita, ta ce tsufa ya fara taɓa ni. In mun sauka a gungun, ko wanne ne, don naka na ji ruwa ya cinye shi tuntuni, zan miƙa mata wannan takarda ta karanta kafin kowa, ta san da me aka raɗa mata suna. Na kuma sayi igiya sabuwa a kasuwa ranar Lahadi, tana aljihuna. Zan ba ta tare da takardar. In ta yi mini ƙulli, in biyo ta. In ta mayar mini da ita yadda take, ba zan ce ta yi laifi ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ruwan nan ya zama wankan zunubanka, ya karɓe ka cikin shahidai. Allah ya haɗa ka da Inna da Baba da Hajo a inuwa ɗaya. Ni kuma ka yafe mini in ana yafewa daga can, don a nan ban iya yafe wa kaina ba.

Ƙanenka,
Garba, wanda ka ce ya yi karatu.