Jan Layin Gargaɗi

Orozo, Abuja

Yaya Kubra,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Umma, ya yara? Mu ma lafiya, sai haƙuri.

Ranar Talata na gane abin da ke kunna kwamfutar maigidana, Baban Nafeesa. Ina shara a ɗakin aikinsa bayan la'asar ta haska da kanta, rubutu yana ta hawa, kujerarsa kuma ba kowa. A ƙasan shafin ga sunansa da kwanan watan ranar, shi da aka binne tun watan jiya.

Kin san aikinsa shi ne rubuta littattafan da masu gyaran wuta ke bi. Bara ofishinsu ya koma sabon tsarin rubutu na kwamfuta. Ya taɓa gaya mini sabon bai san wasu alamomin tsohon ba, abin da bai gane ba sai ya zubar shiru, kamar rariya mai faɗin ido. Abin da ya zube kuwa jan layin gargaɗi ne, inda ake cewa a kashe wuta kafin a taɓa. Sanadin haka wani mai gyara ya rasu a unguwar Gudu. Daga ranar Baban Nafeesa bai ƙara cin abincin kirki ba, kullum yana mayar da layukan ɗaya bayan ɗaya, har ciwo ya kwantar da shi.

Yaya, jajayen layukan ne nake gani suna dawowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Safara'u

Yaya Kubra,

Gaisuwa mai yawa. Na samu saƙonki, na gode da rubutun sha.

Bernard abokin aikinsa ya zo. Da yake ina takaba, daga bakin ƙofa muka yi magana. Ya ce kada in tsorata, wai oga, wato marigayin, shi ya bar wa na'urar umarni ta riƙa aikin da kanta. Na so in yarda. Amma shekaranjiya na manta, na kai shayi ɗakin kamar da, na yi sallama. Rubutun ya tsaya cak. Bai ci gaba ba sai da na ajiye kofin na fita.

Ofis sun ce kwamfutar kayansu ce, ranar Litinin za su ɗauka, su goge komai su sa sabon tsari. Na tambayi Bernard ko layukan za su tsira, ya sunkuyar da kai. Ya shiga ɗakin shi kaɗai ya duba, ya ce an gama littattafan duka sun isa ofis, saura na taransfoma, kuma shi ne mafi girma.

Ban taɓa hana hukuma kayanta ba. Amma na kulle ɗakin, makullin yana ƙuguna, na cika janareta da mai. Idan sun zo, zan ce mai ɗakin yana aiki.

Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai ɗan wata ne zai hau sandar wuta da littafin a hannunsa.

Littafin taransfoma bai kai rabi ba.

Taki har kullum,
Safara'u