Ajiyar Mama a Hannun Auta

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yaran garejinka.

Kawu, an kwantar da Mama a asibiti. Ƙafar nan ce dai, kuma sun ce za ta jima. Ba a barin ƙananan yara su shiga. Tun ranar Auta ya daina cin abinci. Yana zaune a bakin ƙofa da takalmin Mama a cinyarsa. Na ce, "Ci mana, za ta dawo." Ya ce, "Ƙarya kike, haka kuka ce a kan Baba, kuma bai dawo ba."

Ga jarabawar shiga sakandare ranar Litinin. Kwabon sa'ar nan na Kaka, mai huji, Mama ta ɗinke mini shi a aljihun rigar makaranta. Ka san ni, ko sunana aka kira a aji sai muryata ta ɗauke. Ina so in rataya wa Auta ko zai ci, amma Yaya ta ce in ya bar jikina kafin jarabawa, sa'ar ta tafi ke nan. Da gaske ne? Wane malami ne ya yi wa Kaka shi? Don Allah kada ka yi mini dariya.

Ka huta lafiya.
'Yarka

Zuwa ga Sarauniyar Kunya,

Wa alaikumus salam, na amsa gaisuwa. Na yi dariyar fa, ki yafe ni, har sifana ta faɗo mini a ƙafa.

Babu wani malami. Kakarki wanki take yi a gidajen mutane. In za ta fita, uwarki tana 'yar mitsitsiya sai ta cakumi zanenta tana ihu har maƙwabta su leƙo. Wata rana tsohuwa ta damƙa mata kwabon ta ce, "Riƙe mini, da yamma zan karɓa." Shiru kike ji! Yarinya ta san uwarta ba ta barin ko allura a hannun wani, dole ta dawo.

Sa'a kuwa ni na ƙaƙaba masa. Na are shi ranar gwajin tuƙi, na ci, na cika unguwa da surutu. Daga nan mai neman aiki ya ara, mai naƙuda ta ara.

In ke kika rataya masa, ba zai ci abinci ba. Sai daga hannun uwarsa. Jarabawa kuma ba zan ce miki kada ki ji tsoro ba. Ke za ki zaɓa.

Allah ya ba 'yar'uwata lafiya.
Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa.

Ranar Asabar na warware ɗinkin. Na kai wa Mama kwabon, sannan na zagaya da Auta bayan ɗakin da take kwance na ɗaga shi saitin taga. Ta miƙo masa ta ce, "Riƙe mini, in na fito zan karɓa." Ya ce, "In na ɓatar fa?" Ta ce, "Sai in ja wannan kunnen." A hanya ya ce in saya masa burodi.

Na shiga jarabawa aljihu wayam. Na ji tsoro, amma na rubuta. Sakamako bai fito ba.

Yanzu rigimar wanka muke. Ya ƙi buɗe hannun, wai ajiya ce, sai dai in cuɗa shi a dunƙule.

Ka huta lafiya.
'Yarka